Wutar Da Aka Cire A Faraku

Kwatano ba garin mai ciwon ƙirji ba ne. Na gane haka tun makonmu na fari, amma wanda ya fita neman abinci ba ya zaɓen iskar da zai shaƙa. Mu biyu aka sauke a bakin wani fili inda ake tara motocin tokumbo, tsofaffin da ake kawowa daga Turai: ni Hure daga Yashe, da Dije 'yar Rimaye, wadda ban taɓa sani ba sai a cikin motar da ta kawo mu. Matar da ta kwaso mu cewa ta yi gidan abinci ne mai fanka da famfo, 'yan Katsina ke ci, aikinmu tuƙin tuwo kurum. Abin da muka tarar rumfar kwano ce mai yoyo, murhu a ƙasa, sai ɗanyen itace da ɓawon kwakwa. Ta nuna mana tukwane ta ce za ta dawo da yamma. Ba mu ƙara ganinta ba.

Muka zauna, don ba yadda za mu yi. Direbobi da dillalan mota na wajenmu su ne masu cin tuwon. Ruwa ba ya ɗaukewa a garin nan, zani ba ya bushewa, daddawar da na riƙo ta yi fumfuna tun ba a je ko'ina ba. Wata rana na tsinci kaina ina kewar ƙurar kasuwar Kankiya, abin da nake tsine wa in ina gida.

Dije mace ce mai surutu, ni kuwa ban iya ba. Takan dube ni ina tuƙi ta ce, “Yaya, halan in kin yi dariya haraji za a aza miki?”

In ce mata, “Wanda ya zo ƙasar mutane ido yake buɗewa, ba baki ba.”

“To buɗe mana idon, ni in buɗe bakin. An raba aiki ke nan.”

Hayaƙin ɓawon kwakwa shi ya tayar mata da fuka. Da fari tari ne, daga baya numfashinta ya koma kamar ana jan zarto. Akwai wata mai sayar da kifi kusa da mu, 'yar ƙasar, ba ta jin Hausa, mu ba mu jin nata. Ita ta riƙa kawo mana busasshen gawayi ba mu roƙe ta ba, ita kuma ta ja hannun Dije har kemis, aka ba ta abin shaƙa, wanda ake matsawa a baki numfashi ya dawo. Dije ta sayi biyu. Ɗaya ta ƙulle a haɓar zane, sabon ta ajiye a jakarta. Ko sunan matar nan ban riƙe ba. Allah ya san ta.

Da damina ta juyo, ciwon ya ƙi sauka. Ran nan Dije ta kama hannuna, ba wasa a fuskarta, ta ce, “Yaya, ki kai ni Rimaye. In ma mutuwa ce, ta iske ni a ɗakin Gwaggo.” Gwaggo ita ce mahaifiyarta, tsohuwa ce da ido ya tafi. Na ce na ɗauka. Ban cika yin alkawari ba, shi ya sa nake riƙe wanda na yi.

A lokacin motocin tokumbo ayari suke yi, su hau arewa ta Faraku da Kandi, su haye gada zuwa Nijar, su faɗo ta Maraɗi. Mai ayarin da ya yarda ya ɗauke mu Alhaji Sada ne, mutumin wajenmu, ya sha cin tuwona. Ya ce don Allah zai yi, ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya sa mu a motar ƙarshe, wadda ta fi kowace tsufa, an danƙare ta da tsofaffin tayoyi har kujerar baya, sai ɗan wurin da za mu raɓa. Jakunkunanmu kuwa an riga an cusa su a but ɗin motarsa, an jibga kaya a kai.

Na ce, “Alhaji, maganinta na cikin jakar nan.”

Ya ce, “Iya, ai tare muke tafiya. In buƙata ta taso magana ce kawai.”

Dije ta kaɗa maganin da ke haɓar zanenta kusa da kunne ta ce akwai saura, in bar shi.

Kafin a tashi ya tara direbobi ya karanta musu dokar ayari, ina gefe ina ji. Kowa ya riƙa duban na bayansa a madubi. Wanda ya kunna siginar dama ya sauka gefe, fitsari ne ko salla, a ci gaba, zai cimmu. Wanda ya haska fitilar gaba, cewa yake a ƙara wuta. Amma wanda ya danna jan maɓalli mai kusurwa uku, fitilun gefe suka kama ƙiftawa gaba da baya, hagu da dama lokaci guda, to matsala ce, na gabansa shi ma ya danna, har saƙo ya kai ga motar farko, kowa ya tsaya. Hazad suke ce mata. Ya ce duk wanda ya taɓa ta da wasa ya tsayar masa da ayari a banza, daga ranar ya bar tuƙa masa mota.

Direbanmu Malam Isiya ne, ɗan Kankiya, mai furfura a gemu, ba ya son hayaniya. Ya ce da ni, “Yaya, kun yi sa'a, ni ba na gudu.” Na ce sa'a sai an sauka ake faɗinta.

Faraku muka tsaya cin abinci da azahar. Direbobi suka tafi masallaci, Dije ta kwanta a inuwa, ni na zauna ina tsaron mota, don ban yarda da garin da ban san kowa ba. Sai ga Alhaji ya fito daga motarsa yana tsaki. Yana da wani ɗan firij da yake jonawa a cikin mota, ya daina sanyi, ruwansa ya yi ɗumi. Ya zo ya ɗaga bonet ɗin tamu, ya buɗe wani baƙin akwati ƙarami, ya sa ɗan matsefi ya zaro wani abu mai launi, bai fi haƙorin yaro ba. Ya tafi da shi motarsa. Jim kaɗan na ji yana cewa, “Yauwa.”

Na tashi na same shi. “Alhaji, mene ne ka cire a motarmu?”

Ya yi dariya. “Iya, yaushe kika zama bakanike? Wani ɗan fiyus ne da ba shi da aiki.”

“Wanda ya ƙera motar bai san ba shi da aiki ba ya sa shi?”

“Kai, tsohuwar nan! Je ki ci abinci.”

Da Isiya ya dawo na gaya masa. Bai raina maganata ba, wannan zan shaide shi ko a gaban wa. Ya murɗa makulli, mota ta tashi. Ya gwada siginar hagu, ta ƙifta. Ya gwada ta dama, ta ƙifta. Ya danna ham, ya kunna fitila, ya gwada abin share gilashi. Ya ce, “Yaya, komai lafiya. Wataƙila na rediyo ne.” Jan maɓallin nan kaɗai bai taɓa ba. Direbobi na tsaye kewaye da mu, Alhaji na kallo, kuma an ce wanda ya taɓa shi a banza ya bar aiki. Da yake fitilun da sigina ke kunnawa su ne dai na hazad, ya ɗauka in ɗaya na yi ɗayar ma na yi. Ni ma haka na ɗauka. Wa zai gaya mini?

Bayan Faraku hanya ta miƙe cikin daji, gari ya yi nisa da gari. Can muka shiga wani wuri da ake ƙona gawayi a bakin titi, hayaƙi ya kwanta a kan kwalta. Motarmu gilashinta ɗaya ba ya rufuwa. Dije ta fara tari. Ta kwance haɓar zane, ta matsa abin a baki. Ta sake matsawa. Ta kaɗa shi, ta dube ni. Babu komai a ciki.

Na ce, “Isiya, tsayar da su.”

Ya miƙa hannu ya danna jan maɓallin. Shiru. Sigina in tana aiki takan yi wani ƙas-ƙas a gaban direba, na saba jinsa tun Kwatano. Wannan ko motsi. Ya sake dannawa, ya buga da tafin hannu.

“Innalillahi. Yaya, ba ta kamawa.”

Ya haska fitilar gaba. Na gabanmu ya gani, ya ƙara wuta kamar yadda aka koya masa. Ya danna ham, su kuwa gilashi a rufe, sanyi na kaɗa su. Ya ciro waya, babu sabis a dajin. Sai ya ce bari ya kamo su, ya taka motar iya ƙarfinta. Tsohuwar mota da lodin tayoyi, ta yi ta gurnani, muka fara matsowa har ina iya ganin ƙeyar direban da ke gabanmu. Sai tururi ya taso daga bonet, wani wari ya cika motar, inji ya mutu. Isiya ya kunna siginar dama don kada babbar mota ta bi ta kanmu, ya gangara gefe. Na ga na gabanmu ya fito da hannu ta taga ya ɗaga mana, irin na sai kun iso. Suka sha kwana, da jakar Dije a cikin but.

Muka fito da ita muka jingina ta da taya, wajen inuwa. Isiya ya karyo ganye ya jera a kan titi kamar yadda ake yi a gida. Na cire mayafina na tsaya ina kaɗawa, ni da ban taɓa tsayawa gaban maza kai a buɗe ba. Manyan motoci suka yi ta wucewa, wasu har kaucewa suke zuwa ɗaya hannun. Daga baya aka gaya mini dalili: a dajin nan 'yan fashi kan ajiye mota marar lamba su sa mace ta tsaya tana kaɗa zane. Direban da ya san hanyar, in bai ga wuta na ƙiftawa ba, ba ya ko rage gudu. Mu kuwa motarmu ba lamba, ba wuta, ga mace na kaɗa zane.

Na koma wurin Dije. Leɓenta ya canza launi. Ta riƙe gefen zanena tana son magana, numfashin bai isa ba. Na sa kanta a cinyata ina yi mata fifita, ina cewa, “Sannu, za su juyo. Alhaji zai ƙirga motocinsa ya ga babu ɗaya.” Na san ƙarya nake. Ita ma ta sani, don ta ɗan murmusa, irin murmushin da take yi in ta kama ni. Na laƙƙana mata kalmar shahada, ta bi da leɓe. Rana ba ta kai ga yin ja ba ta cika.

Na rufe ta da mayafin. Isiya ya koma cikin mota ya zauna, ƙofa a buɗe, yana ta danna maɓallin nan kamar wanda hankalinsa ya gushe.

A haka wani mai babur ya same mu, ya fito daga wata 'yar hanya cikin daji da jakar kayan aiki a baya. Mutumin wani ƙauye ne can ciki, gyaran injin niƙa da wayarin mota yake yi, yana jin Hausa tsinto-tsinto. Ya dubi mayafin, ya cire hula, ya yi addu'a. Ya tambayi Isiya me ya sa bai kunna wuta ba. Isiya ya nuna masa. Mutumin ya ɗaga bonet, ya buɗe baƙin akwatin nan, ya ɗora yatsa a kan wani gurbi da ba komai. Ya fara yi wa Isiya bayani ƙasa-ƙasa.

Na ce, “Malam, juyo nan. Ni za ka gaya wa. Ni na ga lokacin da aka cire.”

Ya juyo, bai ji haushi ba. Ya ce fitilun gefe ɗaya ne, amma hanyar da wuta ke bi ta iske su biyu ce. Sigina ta wajen makulli take samun wuta, in an zare makulli ta mutu. Ita kuwa hazad kai tsaye take sha daga batir, da nata fiyus daban, don an yi ta ne saboda ranar da mota ta mutu a hanya, ko inji ya tsaya, ko makulli ba ya jiki, ta ci gaba da kira. In ka danna jan maɓallin, sai ya haɗe hagu da dama su zama ɗaya. Akwai kuma wani ɗan abu a ɓoye gaban direba, filasha, shi ke tsinke wutar ya sake ta, ya tsinke ya sake, shi ne ƙas-ƙas ɗin da ake ji. Duk waɗannan lafiyarsu lau a motarmu, batir ma da ƙarfinsa. Fiyus ɗin kaɗai babu, shi kuwa kamar gada yake, in an ɗauke ta wuta ba ta hayewa. Shi ya sa sigina ta yi ta aiki ba wanda ya gane.

Na ce, “In an mayar fa?”

Ya ciro wata tsohuwar waya a jakarsa, ya fere ta da haƙori, ya zare sili ɗaya siriri kamar gashi, ya lanƙwasa ya cusa a gurbin. Ya ce wannan na wucin gadi ne, kada a bar shi a haka. Ya ce da Isiya ya danna.

Ƙas-ƙas. Ƙas-ƙas. Gaba da baya, hagu da dama, motar da injinta ya mutu ta kama ƙiftawa, hasken na sauka a kan mayafin da na rufe Dije. Silin waya ne kurum. Ban yi kuka ba.

Ba a jima ba wata babbar mota mai ɗaukar auduga ta rage gudu ta tsaya. Direban ya leƙo ya tambaya da yarensu, mai babur ya amsa. Su suka ɗauki gawar zuwa ƙauyen.

Mutanen ƙauyen nan Musulmi ne, ba su tambaye mu ko mu su wa ne ba. Matansu suka kawo ruwa da sabulu, muka yi mata wanka tare, ina nuni da hannu suna nuni da hannu. Wata tsohuwa ta shiga ɗaki ta fito da farin yadi, na gane nata ne da ta tanada don kanta. Na ƙi karɓa, ta ture hannuna ta yi mini faɗa da yarenta, na fahimci faɗan sarai. Mazansu suka yi mata salla, suka kai ta bayan gari gindin wata kaɗanya. Na ce wa Dije zan kai ta ɗakin Gwaggo. Inda na iya kai ta ke nan.

Mai babur ya gyara injin washegari, ya ƙi karɓar komai. Muka iske ayari a bakin gada, suna jiran takardun hayewa. Alhaji na zaune a kan tabarma da gorar ruwa mai raɓa a jikinta. Isiya ya gaya masa. Ya yi salati, ya girgiza kai, ya ce, “Allahu akbar. Kwana ya ƙare. Amma kai ma Isiya, me ya hana ka danna hazad?”

Isiya ya sunkuyar da kai. Yana da iyali, kuma motar ba tasa ba ce.

Na ce, “Ya danna. Tana cikin firij ɗinka.”

Alhaji ya ce, “Iya, baƙin ciki ne ke sa ki magana. Ba wanda ke wuce ranarsa.”

“Na sani. Ban ce ka kashe ta ba. Cewa na yi ka sha ruwan sanyi.”

Wani direba ya ja ni gefe yana cewa in yi haƙuri, a ƙasar mutane muke, kuma har yanzu a motar Alhajin za mu ƙarasa. Gaskiya ya faɗa. A motarsa na ƙarasa, da jakar Dije a kan cinyata, har Kankiya.

Ban wuce Yashe ba sai da na fara zuwa Rimaye. Labari ya riga ni ta waya, an ce ciwonta ne ya tashi a hanya, Allah ya yi mata cikawa. Na tarar ana zaman makoki. Ran addu'ar uku sai ga Alhaji Sada da mota, aka sauke buhun shinkafa da jarkar mai a ƙofar gida. Ina daga ciki ina jin maza na sa masa albarka, ana cewa samun irinsa sai an tona, ya ɗauko su kyauta, ga shi kuma ya zo da kansa. Na aika a kira mini wan Dije a zaure na gaya masa abin da idona ya gani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Baba Hure, a bar maganar nan. Tonawa ba za ta dawo da ita ba, kuma mutumin nan yaran garin nan da yawa a ƙarƙashinsa suke ci.”

Na koma ciki. Gwaggo na zaune a bakin gadonta, ta ji shigowata.

“Ke ce wadda kuka taho tare?”

“Ni ce, Gwaggo.”

“Matso. Kowa ya shigo sai ya ce mini ba ta sha wuya ba. Ni na haife ta, na san yadda fuka ke yi. Faɗa mini yadda aka yi, kada ki rage.”

Ban rage ba. Na faɗa mata jakar, da Faraku, da abin da aka zare, da silin waya, da tsohuwar da ta ba da likkafaninta. Ta riƙe hannuna tun daga farko har ƙarshe, ba ta katse ni ba. A tsakar gida mata sun riga sun ɗora tukunya, ana ta neman wuƙar da za a farke bakin buhun.

Gwaggo ta ɗaga murya, muryar da ban zaci tana da ita ba.

“Wa ke wajen murhu? Ku sauke tukunyar nan. A fitar da shinkafar mutumin nan daga gidana. Wanda ya zo gaisuwar Dije, a dama mashi kunu.”